Bashin da kamfanin zuba jari ke bin wasu: yadda ake tantance shi a rahoton shekara

Ɗan Jega: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Rahotannin shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX sun fara fitowa, tunda ƙa'idar kasuwar ta ba su kwana 90 bayan rufe shekara. Ga tambayata ga manyanmu. A kamfanin siminti ko na fulawa kowa ya san inda bashin da kamfani ke bin mutane ya samo asali: an ba dila kaya, bai gama biya ba. To kamfanin da sana'arsa zuba jari kawai, yana sayen hannun jari da takardun lamuni, ko buhu ɗaya ba ya sayarwa, wa yake bi bashi? Kuma in adadin ya ninka cikin shekara guda, abin murna ne ko abin tsoro?

Malam Akanta, Gusau: Wa alaikumus salam. Lambar da ke fuskar takardar kadarori ba ta gaya maka komai. Kusa da ita akwai 'yar ƙaramar lamba, ita ce ke kai ka ga sharhin da ke bayan rahoto, can ne aka farfasa ta. A irin wannan kamfani za ka tarar da kuɗin ruwan da ya taru a kan takardun lamuni da ajiyar banki amma ranar biya ba ta zo ba. Za ka tarar da rabon ribar da wani kamfani ya ayyana bai tura ba tukuna, da kuɗin hannun jarin da aka sayar suna hannun dillali, da ladan kula da dukiyar mutane in kamfanin yana wannan aiki, da kuɗin haya in yana da gidaje, da harajin da aka cire masa tun daga tushe. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne buƙatar ido: kuɗin da yake bin rassansa da kamfanonin daraktocinsa.

Kowanne da tsawon kwanakin da ya dace ya yi a littafi. Wanda ya zarce nasa wa'adin, shi ake tambaya a kai.

Alhaji Dillali, Ƙaura Namoda: Bari in ɗauke na dillalai tunda shi ya fi sauƙi. Cinikin da aka yi a kasuwa, CSCS, kamfanin da ke ajiye hannayen jari yana kammala biyan ciniki, ke daidaita shi. Shekaru da dama kwana 3 na aiki ne bayan ciniki, a ƙarshen 2025 aka rage zuwa 2. Ke nan, a wa'adin kwana 2, in kamfani ya sayar da hannun jari ranar 30 ga Disamba, kuɗin za su bayyana a matsayin bashi ranar 31, su ɓace a makon farko na Janairu. Wanga ba abin damuwa ba ne ko ya kai biliyan nawa. Abin damuwa shi ne ka buɗe rahoton wata uku na farko, wanda ake fitarwa cikin kwana 30 bayan ƙarshen Maris, ka iske adadin nan daram inda ka bar shi. To ba cinikin kasuwa ba ne. Ko dai an sayar wa wani a bayan fage bisa alkawari, ko kuɗin sun maƙale a hannun wanda ba ya iya biya.

Ɗan Jega: Na gode Alhaji. Malam Akanta, na kuɗin ruwa fa? Ta yaya mutum na waje zai san ko ya wuce kima?

Malam Akanta, Gusau: Da kalkuleta kawai. A ɗauka kamfani na riƙe da takardun lamuni na Naira biliyan 10 masu biyan kashi 16 cikin 100 a shekara. Biliyan 1.6 ke nan. Takardun lamunin gwamnatin tarayya sau biyu suke biya a shekara, wato miliyan 800 duk wata shida. Saboda haka abin da zai taru bai kamata ya haura miliyan 800 ba ko da yaushe, kuma in biyan ƙarshe a ƙarshen Satumba aka yi, ranar 31 ga Disamba miliyan 400 ya kamata a gani. In ka ga biliyan 1.2, akwai wanda ranar biyansa ta zo ta wuce bai biya ba. Gwamnatin tarayya ba ta saba tsallake wannan biyan ba, don haka ka nemi takardun kamfanoni masu zaman kansu da rancen da aka ba mutane kai tsaye.

Akwai wani tarko a nan. Kamfanoni da yawa ba sa ware kuɗin ruwan da ya taru a layi na daban, suna haɗe shi cikin ƙimar takardar kanta. Sai ka ga layin bashi ƙarami ka saki jiki, alhali kuɗin ruwan da ba a biya ba yana ta kumbura ƙimar rancen. Inda za ka kama shi: jadawalin motsin jarin a cikin sharhi, mai nuna farkon shekara, abin da aka ƙara, ruwan da aka lissafa, ruwan da aka karɓa, da ƙarshen shekara. Layin ruwan da aka lissafa da na ruwan da aka karɓa su kake gwadawa.

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Malam ya yi daidai, kuma wannan ba tsoron banza ba ne. A Janairun 2009 shugaban kamfanin Satyam na Indiya, Ramalinga Raju, ya rubuta wa daraktocinsa wasiƙa yana amsa cewa littattafan kamfanin ƙarya ne. Cikin abin da ya lissafa akwai kuɗin ruwa na rupi biliyan 3.76 da aka ce ya taru alhali babu shi, da ƙarin rupi biliyan 4.9 da aka cusa cikin bashin da ake bin abokan ciniki. Ajiyar bankin da ake cewa tana haifar da ruwan ma babu ita. Kamfanin kwamfuta ne, ba na zuba jari ba, amma hanyar ɗaya ce: duk ribar da aka ƙirƙira a takarda dole a nema mata wurin zama a ɓangaren kadarori, kuma layin bashi ne ya fi sauƙin karɓar baƙo, domin ba a ƙirga shi da hannu.

'Yar Yauri: Hajiya, ni dai ina ganin ana tsananta wa abin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kamfanin da ke girma dole bashin da yake bi ya girma. Kuma akwai ma'auni sananne: a raba bashin da kuɗin shiga, a ninka da 365, a samu kwanakin da kuɗi ke yi kafin su shigo. In ya fito kwana 30 zuwa 45, mene ne abin ta da hankali?

Malamin Lissafi, Aliero: Ma'aunin nan da kika kawo, Malama, na kamfanin da ke sayar da kaya ne, kuma can yana aiki. Cinikin biliyan 36.5, bashin biliyan 4, kwana 40, shi ke nan. Amma a kamfanin zuba jari yana yaudara, saboda abin da ake kira kuɗin shiga haɗin gambiza ne.

Ga misali na ƙirƙira. Kuɗin shiga biliyan 6: biliyan 2.5 hauhawar farashin hannun jarin da ba a sayar ba, biliyan 1.5 kuɗin ruwa, biliyan 1 rabon riba, biliyan 1 ladan kula da dukiya. Ladan da ba a karɓa ba a ƙarshen shekara miliyan 600. In kika raba 600 da biliyan 6 kika ninka da 365, kwana 36 da rabi za ki samu, ki ce lafiya lau. Amma hauhawar farashi ba ta haifar da bashi, babu wanda aka aika wa takardar neman biya a kanta. Dole kowane bashi a auna shi da irin kuɗin shigar da ya haife shi. Miliyan 600 a kan biliyan 1, a ninka da 365, kwana 219. Ladan da ake cirewa duk wata uku bai kamata ya wuce kusan miliyan 250 a littafi ba. Ina sauran 350 suka tsaya? Galibi amsar ita ce ladan ƙwazo da aka lissafa kafin sharaɗinsa ya cika, ko asusun da ake kula da shi ba ya da tsabar kuɗin biya.

'Yar Yauri: To na yarda da rarrabewar. Amma girman kamfani fa? Ba ka amsa wannan ba.

Malamin Lissafi, Aliero: Girma yana da daidaito. In kuɗin shiga sun tashi daga biliyan 5 zuwa 6, ƙarin kashi 20 ke nan, bashin ma ya ƙaru da kusan haka babu mai magana. In ya tashi daga biliyan 2 zuwa 6, ruwa ba ya tsami banza. Kuma a duba shekara uku zuwa biyar, kada a tsaya kan biyu. Rahoton shekara na ɗauke da taƙaitaccen lissafin shekara biyar a ƙarshensa, sai dai ba kullum yake farfasa layin bashi ba, don haka a sauko da tsofaffin rahotannin daga shafin NGX.

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Gwajin da na fi amincewa da shi ya fi na kwanaki sauƙi. Bashin farkon shekara, a ƙara kuɗin shigar shekarar, a cire bashin ƙarshen shekara, a cire wanda aka soke. Abin da ya rage shi ne tsabar kuɗin da suka shigo. A misalin Malamin Lissafi, in farkon shekara miliyan 200 ne: 200 da 1,000, a cire 600, saura 600. Wato cikin kowace Naira da aka rubuta a matsayin lada, kwabo 60 aka gani. Sai a je bayanin shige da ficen tsabar kuɗi, akwai layin kuɗin ruwan da aka karɓa da layin rabon ribar da aka karɓa, a gwada su da abin da aka rubuta a lissafin riba. Shekara ɗaya su saɓa, uzuri ne. Shekara uku a jere riba na hawa, tsabar kuɗi na tsaye, kamfanin kuma yana cin bashin banki don ya raba wa masu hannun jari riba, to kamar mai shagon da littafin bashinsa ya cika, aljihun tebur ba ko kwabo, yana kuma yanka rago don ciniki ya yi kyau.

Alhaji Dillali, Ƙaura Namoda: Hajiya, ranki ya daɗe, a yi maganar rabon riba, don nan ne ake ruɗa masu hannun jari. In kamfani na da hannun jari miliyan 100 a wani banki, bankin ya ayyana Naira 2 kan kowanne, miliyan 200 ke nan, a cire harajin kashi 10, miliyan 180 za su shigo. Ƙa'ida ita ce ba a rubuta shi sai haƙƙin karɓa ya tabbata, kuma rabon ƙarshen shekara sai babban taron masu hannun jari ya amince. Mafi yawan kamfanoninmu a Disamba suke rufe shekara, tarukansu kuma bayan an fitar da rahoto ake yin su, galibi daga Afrilu zuwa tsakiyar shekara, rajistara, wato mai riƙe da sunayen masu hannun jari, ya tura kuɗi a ranar taron ko kusa da ita. To mi zai sa a ga ƙaton rabon riba da ba a karɓa ba ranar 31 ga Disamba?

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Daga gida ne, Alhaji. Uwar kamfani ita ke naɗa daraktocin reshenta, don haka tana iya sa reshen ya ayyana rabon riba a makon ƙarshe na Disamba ko ba shi da kuɗin biya. Uwar ta rubuta kuɗin shiga, ta rubuta bashi, ta samu ribar da doka ta yarda a raba, tunda dokar kamfanoni ta 2020 daga ribar da ta halatta a raba kawai ta yarda a biya masu hannun jari, kuma lissafin kamfanin shi kaɗai ake dubawa, ba na rukuni ba.

Shi ya sa rahoton yake da ginshiƙai biyu, na rukuni da na kamfani. A na rukuni duk abin da ke tsakanin uwa da rassa an share shi, ba za a gani ba. A na kamfani yake fitowa. Mutane suna karanta na rukuni su wuce. A karanta duka biyun, sannan a je sharhin ma'amala da makusanta, wanda ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya IAS 24 ta wajabta. Can za a ga sunan wanda ake bi, adadin, ko akwai ruwa, ko akwai jingina, da ranar biya. In aka rubuta cewa babu ruwa, babu jingina, za a biya duk lokacin da aka nema, kuma adadin shekara huɗu yana ƙaruwa, wannan jari ne aka zuba a reshen da bai iya tsayawa da ƙafarsa, an dai bar shi da sunan bashi don ya zauna cikin kadarorin da ake sa ran juyawa cikin shekara.

Malam Akanta, Gusau: Ƙari kan wannan. Ba kowane kamfanin zuba jari ke haɗa lissafin rassansa ba. Wanda ya cika sharuɗɗan ƙa'idar lissafi ta IFRS 10 na zama kamfanin zuba jari zalla, ƙimar kasuwa yake sa wa rassan, layi ɗaya, ba ya shigo da kadarorinsu da basussukansu. A irin wannan, bashin da rassan ke bin mutane ba zai fito ko'ina ba, yana ɓoye cikin ƙimar da aka yi musu. Shi kuwa mai haɗa lissafi, kamar Transcorp da ke da kamfanin wuta da na otal a ƙarƙashinsa, bashin da za ka gani a ginshiƙin rukuni na cinikin rassan ne. Kafin ka gwada kamfani biyu, ka tabbata hanya ɗaya suke bi.

Ɗan Jega: Tunda an ambaci wuta. Kamfanin samar da wuta na Geregu ya shiga kasuwa a 2022, Transcorp Power a 2024, kuma babban mai sayen wutarsu NBET ne, na gwamnatin tarayya. Wasu na cewa bashin gwamnati ba ya mutuwa, jinkiri kawai yake yi. Ashe ba sai a ɗauke shi kamar kuɗi a hannu ba?

Malamin Lissafi, Aliero: Jinkirin nan shi ne asarar. Biliyan 1 da za a biya ka bayan shekara, a lokacin da takardun baitulmali ke ba da kusan kashi 20, darajarta a yau miliyan 833 ce. Miliyan 167 sun tafi ba tare da kowa ya ce ba zai biya ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ma'aunin ruwan Babban Banki yana kan 27.5. A irin wannan yanayi bashin da ba ya ɗauke da ruwa yana narkewa kowane wata. Silsilar wutar kuma sananniya ce: kamfanonin rarrabawa, har da na Kaduna da ke ba mu wuta a Kebbi da Zamfara, su ke karɓa daga jama'a su tura sama, gwamnati ta cike giɓin tallafi, sannan mai samar da wuta ya ga kuɗinsa ya biya mai iskar gas. Ko'ina aka samu tsaiko, a littafin mai samarwa yake taruwa. Don haka a duba ɓangaren biyu tare: in bashin da yake bi ya hau, wanda ake bin sa na gas ma ya hau, to da kuɗin masu gas yake rayuwa.

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Mu zo kan tanadin asara, don nan ne hukuncin shugabannin kamfani ya fi shiga. Tun 1 ga Janairun 2018 da ƙa'idar lissafi ta IFRS 9 ta fara aiki, ba a jiran bashi ya lalace kafin a ware masa tanadi, ana ƙiyasta asarar tun ranar da aka rubuta shi. Ƙa'idar ta ɗauka cewa wanda ya wuce wa'adi da kwana 30 haɗarinsa ya ƙaru sosai, wanda ya wuce da kwana 90 ya gaza biya, sai in kamfani na da hujjar da ta nuna akasin haka. A sharhin haɗarin bashi akwai jadawalin daɗewa, mai nuna kwanakin da kowane bashi ya wuce wa'adinsa. Ku ɗauke shi ku sa naku ƙiyasin.

Misali, bashin biliyan 2. Wanda wa'adinsa bai yi ba, biliyan 1, a sa kashi 1, miliyan 10. Kwana 1 zuwa 30, miliyan 300, kashi 3, miliyan 9. Kwana 31 zuwa 90, miliyan 200, kashi 10, miliyan 20. Kwana 91 zuwa 180, miliyan 200, kashi 30, miliyan 60. Sama da 180, miliyan 300, kashi 80, miliyan 240. Jimla miliyan 339, kusan kashi 17. Waɗannan kason nawa ne na misali, kowane kamfani daga tarihin karɓar bashinsa yake fitar da nasa. Amma in kamfanin miliyan 60 kacal ya ware, alhali miliyan 500 sun haura kwana 90, akwai giɓin miliyan 279 da ya kamata ka cire daga ribar kafin ka yanke farashin da za ka saya.

'Yar Yauri: Amma Hajiya ai masu binciken littattafan kamfani sun sa hannu. In tanadin bai isa ba, ba za su yi magana ba?

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Suna yi, 'yar'uwa, sai dai da murya ƙasa-ƙasa. A rahoton mai bincike akwai sashen manyan batutuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa. In tanadin asarar bashi ya fito a can, yana gaya miki cewa lambar ta dogara da ƙiyasi mai faɗi. Sa hannunsa na nufin ƙiyasin bai fita daga da'irar abin da za a iya karewa ba, ba wai shi ne adadin da za a karɓa ba. Kuma rahotannin wata uku-uku galibi ba a bincika su.

Malam Akanta, Gusau: Jadawalin daɗewa ma ana yi masa wanka. Hanya mafi yawa ita ce sabunta yarjejeniya: bashin da ya shekara biyu a sa masa sabon wa'adi a Disamba, sai ya koma layin wanda lokacinsa bai yi ba. Wata hanyar, a mayar da shi rance. Wata, a ce an karɓi hannun jarin wanda ake bi a madadin kuɗi, sai ya bar layin bashi ya koma jarin da ba a cinikinsa a kasuwa, wanda kamfanin da kansa ke yi wa ƙima. In layin bashi ya faɗi da biliyan 3, tsabar kuɗi ba su ƙaru ba, wani layin kuma ya tashi da kusan biliyan 3, ba a biya komai ba, ɗaki aka sauya masa.

Alhaji Dillali, Ƙaura Namoda: Awo, amma a yi adalci kan kuɗin ajiyar sayen hannun jari, wanda shi ma kan zauna a layin bashi. A Maris 2024 Babban Banki ya ɗaga jarin bankuna, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na yanki, wa'adi 31 ga Maris 2026. Bankuna suka fito neman kuɗi, kuma rabon sabbin hannayen jarin ya ɗauki watanni saboda sai an tantance tushen kuɗin masu saye. Kamfanin da ya biya a wannan tsakanin dole ya nuna kuɗin a matsayin ajiyar da ke jiran rabo. Wagga halas ce. Wadda ba a gane mata ita ce ajiyar sayen hannun jari a kamfanin da ba a ambaci sunansa ba, shekara uku ba rabo ba maidowa.

Ustaz, Talata Mafara: Allah ya saka wa malamai. Ga masu kiyaye shari'a, wannan layi na da wani nauyin daban. Hannun jari wani yanki ne na abin da kamfani ya mallaka, in mafi yawan abin da ya mallaka bashi ne da tsabar kuɗi, cinikinsa ya kusanci sayar da bashi da kuɗi, wanda malamai suka yi wa sharuɗɗa masu tsauri. Shi ya sa masu tace hannun jari ke sa iyaka. Ma'aunin shari'a na FTSE, ɗaya daga cikin masu tacewar, ya ce bashin da ake bi haɗe da tsabar kuɗi kada su kai rabin jimillar kadarori, kuɗin shigar da ba na halas ba kuma kada su wuce kashi 5. Hukumomin sun saɓa a kan adadin, a duba wanda mutum ke bi. Kamfanin zuba jarin da kuɗin ruwa ne kashi ɗaya cikin huɗu na shigarsa, kamar misalin Malamin Lissafi, tun a matakin farko ya faɗi. Wanda ke riƙe da sukuk na gwamnati, wato takardun jari bisa tsarin shari'a, da aka fara fitarwa a 2017, abin da ke taruwa masa kuɗin haya ne, shi ma duk wata shida ake biya, don haka lissafin Malam Akanta na aiki a kansa.

Ɗan Jega: Saura biyu ban ji an taɓa ba: na haraji, da wanda ake bi da dala.

Malam Akanta, Gusau: Na haraji ba kuɗi ba ne da za su shigo asusu. Shaida ce cewa an cire maka haraji tun daga tushe, kana rage harajin da za ka biya da ita. Amfaninta ya dogara da samun harajin da za a rage. Kamfanin da mafi yawan shigarsa rabon riba ne, wanda kashi 10 da aka cire shi ne harajinsa na ƙarshe, ba ya da babban harajin da zai cinye shaidar da ya tara daga lada da haya. In tana ƙaruwa kowace shekara ba ta raguwa, ka rage mata daraja sosai a lissafinka.

Na dala kuwa, a Yunin 2023 aka saki Naira, daga kusan 460 ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar. Bashin dala miliyan 2 ya tashi daga Naira miliyan 920 zuwa biliyan 1.8, kamfani ya rubuta ribar canji miliyan 880 ba tare da ko sisi ya shigo ba. In wanda ake bi da dala yake samun kuɗinsa, ribar gaskiya ce. In da Naira yake samu, nauyinsa ne ya ninka, yiwuwar biyansa ta ragu a daidai lokacin da littafi ke nuna riba.

Malamin Lissafi, Aliero: Duk wannan a ƙarshe kan farashin hannun jari ɗaya yake sauka, tunda kamfanin zuba jari da ƙimar kadarorinsa bayan cire bashin da ake bin sa ake auna shi. Kadarori biliyan 50, ana bin sa 10, saura 40, hannayen jari biliyan 4, Naira 10 kowanne. In cikin biliyan 6 da yake bi ka ga 3 ba su da alamar dawowa, saura 37, Naira 9 da kwabo 25. A kan kadarori kwabo 75 ne, ba yawa. Amma in ribar shekarar biliyan 4 ce, kashi uku cikin huɗu nata ke nan, kuma daga ribar ake biyan rabo. Mai saye don rabon riba shi ya fi jin zafin.

'Yar Yauri: In aka ware tanadi da yawa fa, sannan aka biya bashin? Ai masu hannun jari an cuce su a shekarar farko.

Hajiya Odita, Birnin Kebbi: Ana maido da shi, ya shiga ribar shekarar da aka biya, kuma shi ma abin dubawa ne. A jadawalin motsin tanadi akwai layi huɗu: farkon shekara, sabon tanadi, wanda aka maido, wanda aka soke. Wasu kan cika tanadi a shekarar da riba ta yi yawa, su sako shi a shekarar da ta yi ƙasa, don lambar ta fito sumul. In ribar bana biliyan 4 ce, miliyan 900 daga ciki maido da tanadi ne, a nemi shaidar cewa kuɗin sun shigo a bayanin tsabar kuɗi. In ba su shigo ba, ƙiyasi kawai aka sassauta, sai a lissafa ribar a biliyan 3.1. Layin sokewa kuma a duba wa aka soke wa, domin in makusanci ne, IAS 24 ta wajabta a bayyana adadin, kuma mai hannun jari na da damar tambayar dalili a babban taro.